Injin Shahad Bai Juya Ba

Asabar, 6 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

An ɗauke wuta tun biyu, babu abin da zan taɓa. Wannan littafin na lissafin naɗin wayar inji ne: inji kaza, waya lamba kaza, zagaye kaza. Shafukan baya babu komai, kuma babu mai buɗe shi sai ni.

Yau abincina da igiya ya sauko. Matata Afaf ta leƙo daga baranda, ta zuro kwando har ƙofar shago kamar yadda take zuro wa mai burodi, ta ce, "Baban Shahad, ga naka, kada ya huce." Na ce ina yarinyar. Ta ce ta tafi rubuta suna wajen kawunta.

Tun Shahad na shekara biyar, in dogon hutu ya zo ita ke sauko mini da abinci. Ta zauna kan kujerar ƙarfen da na rage wa ƙafafu saboda ita, ina naɗi tana ƙirga mini zagaye da baki. Bana shekararta sha ɗaya. Ba ta taɓa ɓata mini lissafi ba.

Kawun nata shi ne Tamir, ƙanin Afaf. Ni na koya masa keke a layin nan, sau biyu yana faɗawa kwata. Yanzu Injiniya ne, da takarda daga Alƙahira. Ya tara yara a cibiyar matasa, Lahadi da Talata da Alhamis, wai zai koya musu kimiyya da hannu. Da hannu. Na ga hannun nasa ranar Idi, kamar na mai sayar da turare.

Lahadi, 7 ga Yuli, sha biyu da rabi

Igiya.

Talata, 9 ga Yuli, biyar na yamma

Ta shigo shago a guje, har na janyo mata kujerarta da ƙafa. Ashe ba zama ta zo ba.

"Baba, ka san akwai wuta a cikin lemun tsami?"

Wai sun jera lemu huɗu, sun soka musu ƙusa da guntun jan ƙarfe, ɗan ƙwan fitila ya kama. Idonta kamar ta ga an tsaga teku. Na ce mata, "Rabin masaƙun garin Mahalla da hannun ubanki suke juyawa, ba da lemu ba."

Ta ce, "Na sani, Baba." Irin yadda ake ce wa tsoho an ji. Ta haye sama.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Yau gada suka gina da busasshiyar taliya da gam. Abincin da mutane ke nema. Ta rungumo ta tun daga cibiyar har gida, ko mai kawo amarya bai kai ta taka-tsantsan ba. Wai ta ɗauki littattafai shida kafin ta yi ƙara.

Na duba. Gaskiya ta tsaya. Amma ai jini ne, ba Tamir ya zuba mata shi ba.

Muna cin abinci ta ce "Kawu ya ce" sau tara. Ba ƙirgawa nake ba, sana'a ce ta saba mini.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan saukowa daga masallaci

Injiniya ya ci abincin rana a gidana. Afaf ta yanka agwagwa. Ni da na gyara injin wankinta sau huɗu ban ga agwagwa ba sai da azumi.

Yana da ladabi, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Ladabin ne ma ke ci mini rai. Ya ce, "Usta," yadda ake kiran ƙwararren mai sana'a a nan, "ka leƙo mu wata rana mana. Yaran za su so su ga mai aikin gaske."

Mai aikin gaske. Wato a tsayar da ni gaban allo kamar birin mai wasa, ya riƙa nuna ni da sanda.

Na ce, "Injiniya, mu ba mu samu lokacin wasa ba. Ina aji biyu na sakandare na ajiye jaka na ɗauki filaya."

Afaf ta ce, "To, an fara karanto tarihi. Ku ci kafin ya kai shekarar da ya buɗe shago."

Suka yi dariya, har da Shahad. Sannan ta yanka masa mangwaro gida-gida a kan ɓawonsa ta turo bayan, irin yankan da ni na koya mata.

Litinin, 15 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Girgis mai walda, maƙwabcin shagona shekara ashirin, ya shigo da shayi kofi biyu. Ya dubi kujerar, ya dube ni.

"Akawunka ta yi murabus ne?"

Na ce tana makarantar taliya.

"Kishi kake, Usta."

"Da wa? Da yaron da ko fis bai iya canzawa ba?"

Ya kurɓi shayi ya ce, "Nawa ɗan da ya dawo daga jami'a, zaunar da ni ya yi ya bayyana mini cewa walda na ɓata ido. Shekara arba'in ina yi ban sani ba sai da ya faɗa. Ka bar su. Karen bana shi ke maganin zomon bana."

Na ce in ya gama wa'azi ya mayar mini da zartona.

Alhamis, 18 ga Yuli, shida na yamma

Yau zane. Sun haɗa launi da zoɓo da kurkum da gawayi. Ta zana cibiyar, yara a jere, wani dogo mai tabarau a tsakiya, an liƙa a ƙofar firji.

Na bara da ke wurin, mai gajeren mutum riƙe da guduma ta fi shi girma, na tambayi Afaf ina yake. Ta ce yana cikin durowa, maiƙo ya fara ɓata shi.

Ba komai. Firjin ma ni na naɗa injinsa.

Lahadi, 21 ga Yuli, biyu da kwata

Inji za su yi. Inji.

Ta faɗa wa uwarta a kan matakala, ni a shago na jiyo. Kowane yaro zai yi ƙaramin injin lantarki, ranar Alhamis a kira iyaye su gani, biyar da nasu ya fi kyau a kai su birnin Tanta baje kolin yaran lardi a watan gobe. Tanta take ta faɗi, kamar Makka.

Na jira ta shigo ta tambaye ni. Ba ta shigo ba. Da na hau sama na ɗora mata sabon ƙullin waya a tebur, na ce ga shi, mai kyau ce, ba irin ta kasuwa ba.

"Kawu ya kawo mana waya. Kuma ya ce kowa da hannunsa, ba a son hannun manya."

Mutumin nan ya shigo gidana, ya ci agwagwata, ya zauna a firjina, yanzu ya shigo sana'ata ya rufe mini ƙofa.

Talata, 23 ga Yuli, bakwai saura

Ta kawo shi gida cikin kwalin takalmi. Batir ɗaya, fil biyu a tsaye an ɗaure da roba, ɗan maganaɗisu, sai koyil, wato naɗaɗɗiyar waya, da zai hau kan fil ya juya. Koyil! Zagaye goma sha biyar a karkace kamar zoben mahaukaciya, wani na hawan wani.

Ta ce yana juyawa, amma ba za ta nuna ba, Kawu ya ce a adana batir sai Alhamis.

Na ɗaga shi gaban taga. Wayar naɗi tana da fenti a jiki, sai an kankare bakinta wuta ke shiga. Ƙafa ɗaya ta kankare tas. Ɗayar kuwa gefe guda kawai ta kankare, ta bar ɗaya gefen da fentinsa.

Na ce, "Wannan ƙafar ba ki gama ba."

"Haka ake yi."

"In ji wa?"

Ba sai na rubuta amsar ba.

Marin farko da maigidana Usta Bayumi, Allah ya jiƙansa, ya yi mini, a kan bakin wayar da ban kankare sosai ba ne. Shekara talatin da huɗu ke nan, har yau in na ɗauki reza sai kuncina ya tuna. Ga wanda ake kira Injiniya yana koya wa yara rabin aiki.

Ta karɓe abinta ta rufe kwalin.

Laraba, 24 ga Yuli, huɗu na yamma

Afaf da Shahad sun tafi gaida kakarta tun azahar. Na hau sama shan ruwan sanyi. Gidan babu kowa, sai kwalin takalmin nan a kan tebur.

Ba za a yi wa 'yar Usta Ragab dariya a gaban mutane ba, ba a kan inji ba. Minti ashirin ne. Duk uban da ya san aikinsa abin da zai yi ke nan.

Alhamis, 25 ga Yuli, tara na safe

Na rufe shago. Na sa farar jallabiyar Idi.

Alhamis, biyar na yamma

Bai juya ba.

Juma'a, 26 ga Yuli, goma na safe

Jiya ɗakin taron nasu zafi kamar gidan burodi. Fankarsu ta tsakiya tana kuka, ƙarfen cikinta ya cinye, tun daga ƙofa na ji. Duk injiniyancin babu wanda ya lura. Kujerun ma na roba ne, biyu a karye.

Ban zauna cin abinci tare da Afaf da Shahad ba, na ce kaina ke ciwo. Babu wanda ya tambaye ni wane gefen.

Asabar, 27 ga Yuli, uku na rana, babu wuta

Igiya. Afaf ba ta ce kada ya huce ba.

Ranar Alhamis ɗin, injin ɗan mai sayar da wake ya juya. Na wata yarinya da ko tsayin tebur ba ta kai ba ya juya. Ina layi na biyu, na riga na taɓa mutumin da ke gefena na ce masa, "Waccan mai jan kallabi tawa ce, a shago ta girma."

Ta buɗe kwalin. Ta daɗe tana kallon ciki. Sannan ta ɗago ta neme ni a cikin mutane, ta same ni, ta mayar da ido. Ta ɗora shi kan fil, ta ɗan tura da yatsa. Ya yi rawar ɗari ya tsaya. Ta sake. Ta sake. Batir ya yi zafi har ta saki tana busa yatsu. Wani yaro a baya ya ce, "Na 'yar mai inji ya mutu."

Tamir ya durƙusa, ya ɗauki koyil ɗin ya jujjuya shi a hannu. Ya ce a hankali, "Shahad, wa ya kankare wannan ƙafar duka?"

"Ni ce, Kawu."

"Ke?"

"Ni ce."

Bai waiwayo wajena ba ko sau ɗaya. Da ya dube ni, da na san abin da zan ce masa. Wannan rashin kallon ne ba zan yafe masa ba.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan asuba

Afaf tana haɗa shayi, ta ba ni baya, ta ce, "Ranar Laraba da muka dawo, ƙamshin shagonka na ji a kicin."

Na ce ai kullum ƙamshin shago nake.

Ta ce, "Haka ne." Ta ajiye mini kofin nesa, sai da na miƙe na ɗauka.

Shahad ta tafi cibiyar. Na ji takunta ta wuce ƙofar shago ba ta rage sauri ba.

Litinin, 29 ga Yuli, biyar da rabi

Akwai famfon ban-ruwa na wani manomi da na yi alkawari yau. Ban taɓa shi ba.

Na sayo batir huɗu da fil. Na naɗa koyil shida, kowanne kamar zoben amarya, na kankare ƙafafunsu har suna ɗaukar ido. Duk rawar ɗari. Batiran yanzu na banza ne. Ko maganaɗisun ne. Ni injinan masaƙa nake yi da famfo, ba kayan wasan yara ba, in abu ba shi da tsari ba laifin ma'aikaci ba ne.

Girgis ya leƙo ya ga tebur. Ya ce, "Ashe an samu lokacin wasa." Na ce ya fita.

Shekara talatin da huɗu ban taɓa fitar da inji daga hannuna ban gwada ba. Sai sau ɗaya, ranar Laraba.

Talata, 30 ga Yuli

Igiya.

Laraba, 31 ga Yuli, sha biyu

Yana aljihun rigata na gaba tun ranar Larabar can, bayan katin shaida. Ban jefa shi gwangwanin tarkace ba, ban san dalili ba. Ɗazu ina neman lambar manomin na zaro shi. Karkataccen nan, mai zagaye goma sha biyar.

Na ɗora shi kan fil don in tabbatar wa kaina shi ma ba ya yi. Na taɓa shi da farce.

Ya tashi. Yana tangaɗi kamar mai sabon takalmi, amma yana gudu, har ba a ganin wayar sai da'ira.

Na zauna ina kallo, sai abin ya faɗo mini. Gefen da ta bar wa fenti shi ke yanke wutar a kowane rabin juyi, koyil ya wuce da ƙarfin gudunsa, wutar ta dawo ta sake tura shi gaba. In ka kankare duka, a tura shi gaba a janyo shi baya, sai rawar ɗari. Aikin da 'yan gawayin nan masu gogar kan koyil ke yi ke nan a cikin injin huda bango. Na san wannan. Na san shi tun Tamir na tsotson yatsa. Da baƙo ne ya kawo mini, da kallo ɗaya zan gane. Amma na ji sunan wanda ya faɗa, sai idona ya rufe.

Girgis na tsaye a ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ya buɗe baki, na ce, "In ka kawo mini maganar ɗan hakin da aka raina, sai na fasa maka kofin nan."

Ya ce, "Ni ban ce komai ba. Na wa ne?"

Na ce na akawuna.

Na bar shi yana juyawa har batir ya mutu.

Alhamis, 1 ga Agusta, takwas na safe

Ba zan je ba. Abin ya wuce, tono shi ƙarin kunya ne gare ta.

Alhamis, huɗu na yamma

Na je. Da rigar aikina, ban canza ba.

Na same su suna tace ruwan kwata da yashi da tsakuwa a cikin gorar roba. Yara kusan ashirin. Tamir ya miƙe ya ce, "Usta, sannu da zuwa," kamar jiya muka rabu lafiya. Na ce, "Injiniya, a ba ni tebur."

Na kafa fil, na ɗora karkataccen, na taɓa shi. Yara suka taru. Na zaro ɗayan, kyakkyawan da na ɗauko daga kwalinta, na ajiye a gefe. Na ce, "Wannan mai gudun na Shahad ne, da hannunta ta yi. Wannan da kuka gani Alhamis ɗin da ta wuce nawa ne. Ni na canza ba ta sani ba."

Ɗan mai waken nan ya ce, "Baffa, naka ne bai juya ba?"

Na ce nawa ne.

"Ba kai ne mai gyaran inji ba?"

Na ce ni ne. Suka yi dariya, na tsaya har suka gama. Marin Usta Bayumi ya fi sauƙi.

Tamir ya raka ni ƙofa. Ya ce, "Tun ranar na gane, Usta. Babu yaron da zai yi wannan naɗin. Ni kaina ba zan iya ba." Ban roƙe shi yabo ba. Na ce Tanta fa? Ya ce sunaye sun tafi tun Lahadi, zai yi magana amma kada in sa rai.

Na ce masa fankarsu na gab da ƙonewa, a kawo mini ita.

Shahad ba ta matso teburin ba. Tana can riƙe da gorarta, tana kallon ruwa na ɗiga. Da aka tashi tare da kawunta ta dawo.

Asabar, 3 ga Agusta, ɗaya na rana

Igiya.

Lahadi, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Ba a canza sunayen ba. Biyar ɗin sun riga sun ɗinka riguna iri ɗaya. Shahad ta shiga ɗaki ta rufe, ana jin ta ta bango.

Na ce wa Afaf da Injiniyan nata ya isa, da magana ɗaya zai yi a ƙara suna. Ta dube ni, ta ce, "Baban Shahad, ji tsoron Allah." Wannan karon ba ni da tarihin da zan karanto.

Litinin, 5 ga Agusta, uku na rana

Sha biyu da rabi ina leƙen baranda ina jiran kwando, sai na ji taku a matakala.

Shahad ce, ta ajiye kwanon a kan benci. Ba ta zauna ba. Fankar cibiyar na gabana a buɗe, na yi kamar ita nake dubawa.

"Me ya sa ba ka yar ba?"

"Mene?"

"Nawa."

Na ce ba a yar da jan ƙarfe.

"In don wannan ne ai da gwangwani ka jefa shi."

Na ce abincin me aka yi yau.

Ta zagaya shagon tana taɓa abubuwa kamar baƙuwa. Ta ga koyil shidan nan a jere, ta ɗauki ɗaya. Ta ce, "Kawu ya ce naɗinka ya fi nasa kyau." Ko yabon nawa sai da ya bi ta bakin Tamir. Ta ajiye shi. "Amma bai juya ba."

Na ce na ji, garin ma ya ji.

"Baɗi ma za a je Tanta. Ka koya mini yadda ake jera shi haka. Nunawa kawai, ba taɓawa."

Ta janyo kujerar da kanta. Ta yi mata kaɗan yanzu, gwiwoyinta har ƙirji. Na yanko waya, na naɗa nawa tana naɗa nata, tana ƙirgawa da baki. Sau uku tana warwarewa, na cusa hannuna ƙarƙashin cinya don kada ya je. Na huɗun ya yi dama-dama. Da na ɗauki reza zan gama nawa, hannuna ya tafi yadda ya saba, sai ta riƙe mini wuyan hannu.

"Rabi, Baba."

Na yi rabi. Duk biyun sun juya. Nata ya fi daɗewa, amma batirinta sabo ne.

Gobe zan sa Girgis ya ƙara wa kujerar ƙafafu.

Sau huɗu ta ce "Kawu ya ce." Ba ƙirgawa nake ba.